An Ce Kekenka Ba Shi da Birki

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a filin jirgi, ko a ɗakin da asibitin can Ingila suka ce za su ba ka. Allah Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Na ba mahaifiyarka ta cusa maka ita tsakanin ƙullin yaji da na kuka, don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gidan da ka bari jiya-jiya. Amsar tambayarka ce na riƙe. Ranar da muke cin tuwo a tsakar gida ka ce mini, kana dariya, "Baba, kai da ka ga jiya ka ga yau a harkar turke, wane iri zan saya in na isa?" Na ce maka tuwo nake ci. Gaskiyar magana ita ce har lokacin ban yarda a zuciyata cewa tafiyar taka ta tabbata ba.

Har yanzu ina dariyar sunan nan. Ƙarfen da ake kafa keke a kai a cikin ɗaki, mutum ya yi ta taka feda bai gusa ko'ina ba, hanya kuma tana ta tafiya a allon talabijin, ban san me masu shi suke ce masa ba, kuma ban damu in sani ba. Mahaifiyarka ta leƙo ranar farko ta ce, "Malam, keken ma yau an kafa masa turke? Wace ɓarnar ya yi?" Shi ke nan suna ya zauna.

Ka san ni da keke. Duk aikin malamin gona da na yi a ƙasar Katagum a kan sirdi na yi shi. Ƙauyukan da ke hanyar Giade, fadamun bayan Jama'are, wani lokaci har in doshi Dambam, babu inda baƙin keken nan bai kai ni ba, da buhun iri a kariya da gorar ruwa a rataye. Bayan na yi ritaya ma ban sauka ba, sai da idona ya fara yana, har ranar da na shiga gaban mai adaidaita a shataletale ban gan shi ba, na tashi da gwiwar da ka sani. Kai ne ka gasa mini ita, da yake aikinka ne. Kai ne kuma ka ce gwiwar tana bukatar motsi, titi kuwa ya haramta gare ni. Na yi fushi da kai a ranar fiye da yadda na yi da mai adaidaitar.

To ga abin da na sani game da turke. Duk a jikina na koye shi, don haka ka saurara.

Na farko da na saya, gaggawa ce ta saya mini. Ka nuna mini a wayarka yadda mutane ke tuƙi a ɗakunansu suna haɗuwa a hanya ɗaya a allo, ka ce in jira za ka bincika. Ni kuwa na ga yaro ba zai koya mini sayen keke ba. Na bi motar Kano ban faɗa maka ba, na shiga wajen 'yan gwanjo, na ɗauko wani ƙaton keken motsa jiki mai sirdi kamar kujerar mai gari. Da ƙyar ya shiga ƙofar zaure. Ka zo ka zagaya shi, ka leƙa ƙarƙashinsa, ka ce, "Baba, wannan ai ba ya magana da waya." Na ce ni ba hira na sayo shi ya yi ba. Amma ka fi ni gaskiya. Na hau shi sau kaɗan ina kallon bango, bango yana kallona, na gaji. Yanzu mahaifiyarka take shanya zannuwa a kansa, ta ce a duk abin da na taɓa sayowa shi ne ya fi amfani.

Don haka kada ka sayi komai sai ka ga ɗakin da za ka zauna, ka ga ko akwai wurin ajiye shi, ko sai wanda ake naɗewa a jingine. Ka fara samun keken tukuna, sannan ka nemi turken da ya dace da shi. Kafin ka miƙa hannu aljihu kuma, ka tambaya da kyau ko yana magana da manhajar da muke hawa ni da kai. Wannan ta ƙarshe ka riƙe ta, zan dawo kanta.

Na biyu, wayo ne ya kai ni. Da ka samo naka, wanda tayar baya ke hawa kan ɗan gangar ƙarfe tana juyawa, na dube shi na ce ai wannan ba wani abu ba ne, Malam Bukar mai walda zai ƙera mini irinsa. Na ɗauki hotonsa na kai masa. Shi kam ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Malam, zan haɗa maka ƙarfen, amma abin da ke cikin gangar nan ban gan shi ba, ka ga kuwa ba zan yi maka ƙarya ba." Na ce ya yi kawai. Ya yi, ya kuma yi da kyau, ya tsaya daram. Sai dai ƙara. Ka tuna ranar da Hajiya Falmata maƙwabciyarmu ta shigo da kwanon jiƙaƙƙen wake a hannu tana cewa, "Ashe kun sayi injin markaɗe ba ku faɗa mana ba, muna ta wahalar zuwa bakin kasuwa?" Mahaifiyarka ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ban da ƙarar, gangar ta cinye mini taya, kullum sai a share baƙin gari a tabarma.

Can inda za ka, na ji an ce gidajen hawa-hawa ne, daɓen kuma katako. Duk motsin da ka yi, na ƙasa da kai yana jin sa a kansa. Hajiya Falmata ta shigo da wasa ne don mun yi shekaru muna cin abincin juna. Wanda za ka tarar can bai san ubanka ba, kuma ba wake zai kawo ba. Ka sayi marar ƙara ko da ya fi tsada. Irin wanda ka nuna mini, da ake cire tayar baya a ɗora sarƙa a jikinsa, na ga alamar ya fi shiru, kuma ba ruwanka da cin taya. Ka shimfiɗa masa abu mai kauri a ƙasa. Kafin ka fara hawa kuma, ka sauka ka ƙwanƙwasa ƙofar na ƙasa, ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da za ka riƙa yi da lokacin da za ka yi shi. Mutumin da aka gaisar ba ya jin ƙara kamar wanda ba a gaisar ba.

Daga ƙarshe dai kai ka samo mini irin naka, ka kai wa Malam Bukar ya gyara bakinsa ya kama tsohon kekena, ka ɗaura ɗan abin nan mai ƙirga gudu a cibiyar taya, ka haɗa da talabijin don idona ya gani. Ranar da na fara takawa na ga ɗan mutumin da ke allo ya motsa da motsina, ban faɗa maka ba, amma sai da na share ido. Na ɗauka ni da hanya mun rabu ke nan har abada.

Kuskure na uku kunya ce. Dattijo da furfura, a ce an shigo an same shi yana haki a kan keken da ba ya zuwa ko'ina? Sai na riƙa kulle ƙofar ɗakin zaure, in sake labule, a tsakiyar bazara. A titi iska ce ke busar wa mutum da gumi bai ma sani ba. A ɗaki babu wannan. Gumi ya riƙa zuba a kan keken har ƙarfen da ya sha ruwan damina da yashin Katagum bai yi tsatsa ba ya fara ja a hannuna. Ran nan jiri ya kwashe ni, da ƙyar na kai ga sakata. Alhaji Sale abokina ne ya same ni zaune a dakali ina mai da numfashi. Da na faɗa masa dalili ya ce, "Yo Malam, wa kake ɓoye wa? Duk unguwar nan an san kana zuwa Turai kullum da yamma ka dawo kafin magariba." Tun daga ranar na bar ƙofar a buɗe. Yanzu shi da kansa yake zuwa ya zauna yana ba ni umarni, wai in kauce akwai kwana a gaba.

Ka sayi fanka tare da turken, kada ka ce ƙasar sanyi ce. Ka yafa tawul a kan keken, ka goge shi in ka sauka, ka ajiye ruwa kusa. Amma ba fanka kaɗai nake nufi ba, Auta. Na san halinka, kai mutum ne mai son ɗaki. Tun kana ƙarami in aka neme ka aka rasa, a bayan ƙofa ake samun ka. Ina tsoron ka je ƙasar da rana ke faɗuwa da wuri, ka dawo daga aiki ka kulle ƙofa ka hau turke, ka ga mutane birjik a allo ka ɗauka kana cikin jama'a. Ba ka cikin jama'a. Ni na sani, don na gwada. Watannin farko duk wanda ya wuce ni a allo sai in ce masa, "Sannu da hanya," da ƙarfi, mahaifiyarka tana jiyo ni daga madafa tana cewa, "Sun amsa kuwa?" Ba wanda ya taɓa amsawa. Hanyar allo ba ta da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ba ta da Bafulatanar da za ta sauke ƙwarya ta ce maka "Jam na?" ta dama maka fura a gindin tsamiya. Ni dole ce ta sa na haƙura da ita, kai kuwa idonka garau. Duk ranar da gari ya yi kyau ka kwance keken ka fita da shi. Ka nemi masallaci, ka san sunan wanda ke tsayawa kusa da kai a sahu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni amsa maka ranar tuwo.

Lokacin da na sayi baƙin keken nan ina saurayi, sabon ɗauka a aiki, ji nake duk Azare ba wanda ya kai ni. Ka san al'adarmu, mai keke in ya iske babba a hanya sauka yake yi, ya riƙe keken a hannu ya gaishe shi, sai an sallame shi ya hau. Wata rana ina dawowa daga hanyar Jama'are, iska na bayana, keke na gudu kamar ba ni nake taka shi ba, sai na hango Malam Adamu aminin kakanka yana tafe da sandarsa. Na ji ƙyashin tsayawa. Na kaɗa ƙararrawa, na ɗaga masa hannu, na wuce. Da yamma ina wanke keken a ƙofar gida kakanka ya fito zai tafi masallaci. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya ya dubi keken ya ce, "An ce mini kekenka ba shi da birki. In gaskiya ne ka kai a gyara, kada ya kai ka inda ba ka so." Ya wuce abinsa. Tun daga ranar ban sake wuce babba a kan sirdi ba, kuma na gane daga baya cewa mafi yawan abin da na sani game da ƙasar nan a irin wannan tsayuwar na ji shi.

Ka ga irin mutumin da ka ɗora a turke. Da muka fara hawan Asabar bayan la'asar, kai a shagonka na cikin gida ni a ɗakin zaure, muna haɗuwa a hanya ɗaya a allo, ban taɓa jin daɗin wani abu na zamani kamar wannan ba. Ka sa wa ɗan mutuminka riga mai ruwan ɗorawa don in riƙa gane ka, tunda sunayen da ke rubuce a kan mutane idona ba ya kama su. Duk satin nan ni Asabar nake jira, ko da yake in ka tambaye ni nakan ce gwiwa ce kawai nake wa magani.

Sai ranar da muka kai tudun nan. Ƙasarmu shimfiɗe take, mu yashi ne tudunmu, ban san tudu na gaske ba sai a talabijin. Ina ta fama, ɗan mutumina yana tafiya kamar mai ɗauke da buhu, sai na ga ruwan ɗorawa ya zo ta gefena ya wuce fuu, ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Na san wasa ne. Na san a allo ba a sauka. Duk da haka abin ya soke ni, har na ji kunyar yadda ya soke ni. Maimakon in kira ka in faɗa maka, sai na ce bari in nuna wa yaron nan waye ya tuƙa keke kafin a haife shi. Na miƙe tsaye a kan feda na bi ka. Ban kamo ka ba, gwiwar kuma ta kumbura, ka dawo kana gasa ta kana faɗa, ni kuma na ƙi gaya maka dalili. Wannan ma ka ɗauka a cikin shawara: kada ka yi tsere da wanda bai san kana tsere da shi ba, kuma in abu ya yi maka ciwo ka buɗe baki ka faɗa. Za ka zauna cikin mutanen da ba su san karanta shirunka ba.

Mahaifiyarka kuwa ta san karanta nawa. Ban san me ta faɗa maka ba, har yau ta ƙi gaya mini. Abin da na sani shi ne, da gwiwar ta saɓe muka koma hawa, muka zo tudun, ka wuce ni kamar wancan karon. Na sunkuyar da kai na ci gaba da takawa. Da na ɗago kusa da ƙarshen tudun sai ga ruwan ɗorawa a tsaye a gefen hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa. Kafin in gama gane abin da nake gani na ji takunka a tsakar gida. Ka shigo ɗakin zaure gumi na zuba, ka durƙusa a gefen tayata ta gaba, ka ce, "Baba, sannu da hanya. An iso lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, hau mu tafi." Abin da bakina ya iya ke nan. Alhaji Sale yana zaune a wurin, sai ya tashi ya ce ya manta bai rufe shagonsa ba.

To yanzu babu tsakar gidan da za ka ratso. Na ji kana gaya wa abokinka cewa in ka isa za ka sayi babban turke, wanda ke ƙara nauyi da kansa in an zo tudu, har ka shiga ƙungiyar masu tsere. Na yi maka murna, ka saya, ƙarfinka ne kuma lokacinka ne. Amma tun da na ji maganar nake tsoro, kuma gara in faɗa tunda yanzu na gama yi maka wa'azin a buɗe baki. Ina tsoron sabon turken ya kai ka wata manhajar da ba tamu ba, ko wasu hanyoyin da tsohon kekena ba zai iya ba. Ina tsoron su ba ka sabuwar riga ta ƙungiya, in hau ranar Asabar in yi ta duba mutane ɗaya bayan ɗaya, kana cikinsu ban gane ka ba. Waya za mu yi, na sani. Amma a waya ni ba na iya magana, ka san in na ce lafiya lau, ya aiki, sai in miƙa wa mahaifiyarka. A hanya ne kawai na iya zama da kai.

Saboda haka abin da nake roƙo kaɗan ne. Sauran kwanakin mako naka ne, ka yi tsere da duk wanda ka ga dama, ka sa rigar da ka ga dama. Ranar Asabar bayan la'asar ɗinmu ta nan, ka dawo hanyarmu, ka sa ruwan ɗorawa. In aikin asibiti ya riƙe ka, ka aiko wa mahaifiyarka saƙo da wuri don kada in hau in yi ta nema. In mun zo tudu ka wuce, ban hana ka ba, na daina wannan rigimar. Ka jira ni a sama kawai.

In kuma kana jira ka ga ɗan mutumina ya tsaya cak a tsakiyar hanya, kada hankalinka ya tashi. Ka san halin wutarmu da sabis ɗinmu, ko an ɗauke ne, ko Alhaji Sale ya taka waya. Ka ɗan ba ni lokaci, zan dawo. Ranar da ba zan dawo ba tana hannun Allah, kuma ba a allo za ka ji ta ba. Kafin ta zo, ina so kowace Asabar in ɗago kai a ƙarshen tudun nan in gan ka.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi. Naka turken yana nan a shagonka, ta lulluɓe shi da zane, na hana kowa taɓawa. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a hannun da za ka taɓa marasa lafiya da shi, Ya riƙe maka sallarka, Ya dawo mana da kai muna da rai da sauran gani.

Ka tambaye ni wane iri za ka saya. Ka sayi wanda ranka ke so, Auta, amma ka duba da kyau ya zama mai birki ne.

Wassalam,
Mahaifinka